Allurar da ta nuna zuciyar maigidana

Da rani maigidana ya dawo daga soja, a kan jakin wani ɗan kasuwar Guci da ya tausaya masa a hanyar Magaria. Mata suka cika gidanmu da guɗa. Kowa ya gan shi sai ya ce, "Kai, abincin Nasara ya karɓe ka!" Fuskarsa ta cika, wuyansa ya yi kauri, shi kuwa murmushi kawai yake yi.

Ni na fara ganewa, da na kawo masa ruwan wanke ƙafa. Takalmin ya ƙi fita sai da na ja da ƙarfi. Na dafa ƙaurinsa, yatsana ya nutse, na ɗauke hannu ramin yana nan.

"Wannan ba ƙiba ba ce," na ce.

"Kada ki gaya wa Inna tukuna," in ji shi. Inna mahaifiyarsa ce, a gidanta muke zaune.

Bayan baƙi sun watse ya ba ni labari. A wajen tafiyar ƙasa ya fara faɗuwa, numfashi ya ƙi isarsa. Aka kai shi babban asibitin soja a bakin teku. Lokotoro, wato likita, ya kasa gane ciwon da kunne, sai ya ce za a zuba masa wani ruwa a jijiya, wanda ke sa cikin zuciya ya fito a hoto. Suka kwantar da shi a kan tebur mai sanyi, suka tsaga hannunsa, suka tura ruwan. Ya ce wani zafi ya taso masa daga maƙogwaro har mara, kamar ya haɗiye garwashi. Ƙirjinsa ya cika, zuciyar ta yi ta dukan haƙarƙari, ya nemi iska ya rasa.

Daga baya tafinta ya fassara masa bayanin lokotoro. Ruwan nan yana jawo ruwan jiki cikin jini, sai ɗakin zuciya ya cika fiye da yadda ya saba na ɗan lokaci. Zuciya mai lafiya takan matse ta fitar da shi, ta koma daidai. Tasa ta daɗe tana fama. Hoton ya nuna ɗakin ya buɗe, ya saki, in zuciyar ta matsa kaɗan take turawa, sauran jinin ya kwanta. Suka sallame shi, suka ce ban da gishiri, ban da kanwa, ban da aikin ƙarfi.

Ba a daɗe ba Inna ta gane da kanta, don ta ga ba ya iya kwanciya sai a jingine da bango. Da ta ji labarin ruwan, ta ɗora hannu a ka.

"Sun zuba maka guba, ɗana. Lafiya lau na ba su kai."

"A'a, Inna. Da ciwona na hau teburin. Ruwan ya wahalar da ni, amma nuna musu kawai ya yi."

Ba ta yarda ba. Ta kawo jiƙe-jiƙe, ta kawo rubutu, ya sha duk don ranta ya yi sanyi. Kunun kanwa kaɗai ya ture, ta yi kwanaki tana fushi da ni a kan miyar lami da nake yi masa.

Da ruwan shuka ya sauka ya ce sai ya je gona. Mutumin da a da shi kaɗai ke shayar da garken gidansu a rijiya, ya ɗaga sungumi ya kasa saukewa da ƙarfi. Na karɓa na shiga gaba ina sara, shi yana bina yana zuba iri yana rufewa da diddige. Maƙwabtan gona suka tsaya suna kallo, ba wanda ya yi dariya. Kafin mu kai ƙarshen layi ya zauna a ƙasa, leɓɓansa sun yi duhu.

"Ki ci gaba," ya ce. "Ina ganinki daga nan."

Bai sake zuwa gona ba. Kumburin ya hau ciki, tari ya kama shi. Gero na fitar da kai, wata ranar kasuwa da hantsi, ya cika a zaune, kansa a kafaɗata.

Inna ba ta yi kuka ba, ko da aka fita da shi. Ita ta riƙa karɓar gaisuwa tana ba mutane haƙuri. Sai da na yi nisa a takaba ta shigo ɗakina wata rana da la'asar, ta zauna a bakin tabarma.

"Ƴata, ranar da suka tsaga masa hannu, wa ke kusa da shi?"

"Lokotoro da tafinta, Inna."

"Namu fa? Ko mutum ɗaya mai cewa sannu?"

Na ce babu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Na matsa na riƙe ta, muka zauna haka har aka kira magariba.