Lissafin Kaguwa

Kakata Ige ba ta yarda da kowa ba. Ko gishiri aka aiko mata sai ta lasa kafin ta yi godiya. A gidanmu na Gummi, in an idar da magariba lokacin sanyi, mukan kewaye murhunta tana gasa mana dankali, ido ɗaya na kan wuta, ɗaya na kan hannuwanmu.

"Ga wata ta taho daga bakin gulbi, wa ka tarbonta?" in ji ta. Mu ce mu ne. Ta harare ni: "Kai maigidan, matsa can, na ga hannunka."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wata tsohuwa mai rumbun shinkafa, wadda ta ɗauki kaguwa gadi. Kaguwa ba ta jin dogon bayani, sai lamba: kaza na nufin a leƙa, kaza na nufin a zuba. Tsohuwa ta ƙirga da yatsunta goma ta ba ta lamba, nufinta ita da 'yan gida su leƙa su zuba, baƙo ko kusa. Kaguwa kuwa da ƙafafunta takwas take ƙirga. Da lokacin girbi ya yi, 'yan gida suka yi ta zuba shinkafa, amma duk wanda ya ce zai leƙa sai ta kai masa cizo. Ɓera baƙo ya zo, ta kauce masa ya leƙa son ransa, ya koma ya kirawo danginsa.

"To Kaka, da gangan ta yi?"

"Ni ina ni sani? Ban shiga cikinta ba. Amma wanda ab ba gadi, a tambai shi yadda shika ƙirga."

Na girma na koyi kwamfuta a Gusau, na dawo ina taimaka wa ƙungiyar manoman fadamarmu. Shekarun nan ne hanya ta lalace, mutanen daji suna tare babura, kowa na tsoron masu kai musu rahoto. Saboda haka ranar da za a ɗauko shinkafa daga ƙauyukan Bukkuyum sirri ce. Shugabanni kan turo saƙon murya, mu adana a kwamfutar shagon da muke aro, wadda baƙi ma ke hawa da sunan shiga na kowa da kowa. Abokin aikina Sani ya rubuta ɗan shiri da harshen kwamfuta na Python wanda ke kulle fayilolin.

Wata safiya na zo buɗe saƙo, kwamfuta ta hana ni. Na gwada ta hanyar baƙi, sai ga muryar shugaba tangaram, yana faɗin rana da hanya. Nan take zargina ya tafi kan Sani. Shi ɗan Zugu ne, can cikin ƙauyukan Bukkuyum, kuma a lokacin ba a buƙatar hujja mai yawa kafin a kira mutum infoma, sunan da in ya manne maka sai dai ka bar gari.

Ban faɗa wa kowa ba, na buɗe abin da ya rubuta. Ya sa chmod, umarnin da ke raba izinin fayil, da lamba 660. Nufin lambar daidai ne: huɗu karantawa, biyu rubutawa, shida duka biyun ga mai fayil da ƙungiyarsa, sifili ga baƙo. Sai dai kwamfuta takwas-takwas take ƙirga wannan izini, kuma sai ka sa mata 0o a gaba kafin ta gane haka kake nufi. Bai sa ba. Ta ɗauki ɗari shida da sittin irin namu, ta juya shi: mu mu rubuta amma ba mu gani, baƙo ya karanta. Sai ƙamshin dankalin Kaka ya dawo mini.

Na goge lambar, na rubuta sunayen izinin ɗaya bayan ɗaya, S_IRUSR da 'yan'uwansa, don suna ba ya juyewa a bakin mai gadi. Sannan na kira Sani na nuna masa.

Ya daɗe yana kallo. "Malam Bello, ka ɗauka ni na sai da mu?"

"Na ɗauka."

"Yanzu hwa?"

"Yanzu na ga inda kuskure shike."

 Na yarda kuskure ne, don malamai ma suna yin irinsa, kuma ban bari sunansa ya fita daga shagon nan ba. Amma na je na sa shugaba ya canza ranar ɗaukar shinkafa, sabuwar kuma ban faɗa wa Sani ba. Ya lura, kuma har muka rabu bai tambaye ni ba.