Gora a Kan Rufin Sal

Akwai ranar da ko na so in manta da ita ba ta yarda, ranar da soja suka ɗauke ni daga bakin aikina saboda ƙwallon da ake bugawa a tele. Ku da kuke koyon gyaran waya da konsol a hannuna, na san kuna yi mini dariya a ɓoye duk lokacin da na ce a zare intanet a gwada wasa kafin a miƙa wa mai kaya kayansa. To ku ajiye turnabis ɗin nan, ku bar kwance noti, ku ji inda na samo wannan ɗabi'a.

Lokacin ina tsaron wani sal na wasa a nan Gaya, bayan tashar mota. Ga wanda bai sani ba, sal ɗaki ne mai tele da konsol, wato na'urar wasa, da benci, samari su biya su zauna su buga ƙwallo da manet, abin sarrafa wasan, a hannu. Mai wurin Alhaji Saini ne, ɗan kasuwa, shagonsa na shinkafa ya fi mu damunsa. Ni ne mai buɗewa, ni ne mai rufewa, ni ne mai raba faɗa. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. An rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil ta Benin, an yanke kuran, wato wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, gari ya cika da kaki, kowa ya koyi rage murya in zai ambaci ƙetaren kogi.

Konsol iri biyu ce a garin nan. Akwai kirake, wadda masu gyara suka fasa mata tsaro, a zuba mata wasannin kwafi ta yi ta aiki, ba ruwanta da kowa. Akwai kuma orijinal, irin tamu, wadda aka sayi wasanta a hannun kamfani. Ita kamfanin ya ɗaura mata sharaɗi don kada a kwafa: sai konsol ta gaisa da shi ta intanet, ya tabbatar ita ce ta saya, sannan wasa ya buɗe. In ba ta same shi ba, hoton ɗan kwaɗo irin na kulle ƙofa zai hau kan wasan, ko za ka kwana kana danna manet. Bayan haka akwai ƙari da ake sayarwa daban, sababbin 'yan wasa, sababbin riguna, filin da ba ya cikin na farko.

Ni ɗan orijinal ne, kuma ba na ɓoyewa. Babban abokin gardamata shi ne Hamani, wani mai kabu-kabu ɗan Dendi, baki gare shi kamar reza. Kullum zai zo ya buga a wurina, kullum kuma sai ya zage ni.

"Isufu, kai dai an ci ka," haka yake cewa. "Ka sai rago, sun ce ƙaho kuɗinshi daban, wutsiya kuɗinta daban. Ka biya duka, su kuma sunka riƙe igiya ga hannunsu. Wanga ciniki na ko bauta?"

Ni kuma in ce masa waɗanda suka ƙera wasan su ma suna da iyali, kuma kirake sata ce ko da an shafa mata turare. In ƙara da cewa ya tafi can ya buga da 'yan wasan da suka yi ritaya tun yana goye. Sal ya rabu biyu, wasu na bayana, wasu na bayansa, a yi ta ihu har mai shayin ƙofa ya leƙo ya ce mu ji tsoron Allah. Gardama ce ta cika baki, ban taɓa zaton za ta bi ni har bariki ba.

Da kuran ya ɗauke, eriyoyin waya na gari suka fara mutuwa da rana. Muna da gurup, wato janareta, tele na kamawa, amma rezo, sabis ɗin waya ke nan, babu. Kwaɗo ya hau kan wasa ya yi zamansa. Samari suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya zuwa sal ɗin da ke da kirake, Hamani kuwa ya samu abin da yake nema, har waƙa ya haɗa mini.

Dabarar da na yi ba sabuwa ba ce. Duk ɗan Gaya ya san rezon Benin na tsallako kogi, kuma tun kafin a yi rikici 'yan kasuwa ke yawo da pus biyu, wato layin waya na nan da na can. Na sa pus ɗin Benin a ɗan akwatin intanet, na yanke jarka na rufa masa saboda ruwan sama, na sayi doguwar gora wurin masunta, na ɗaure shi a kai na kafa a rufin sal, fuskarsa na duban kogi. Na saukar da waya zuwa konsol. Kwaɗo ya faɗi nan take. Da na nuna wa Alhaji Saini, ya dafa kafaɗata ya ce, "Madalla, Isufu akwai kai."

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ina shara. Mota ta tsaya a ƙofa, soja suka diro. Babbansu sarzan ne, wato saje, bai ko dube ni ba, sama yake kallo.

"Wa ya kafa wancan?"

Na ce ni ne. Ya sa aka hau aka sauko da gorar, ya buɗe jarkar, ya zare pus ɗin ya juya shi a tafin hannunsa. Da ya ga tambarin ƙetare sai fuskarsa ta canza. Sai a lokacin na kalli abin da idon wani: sanda doguwa, akwati a ɓoye, fitila na ƙiftawa, an auna shi daidai inda gwamnati ke cewa maƙiya na taruwa. Na buɗe baki in yi bayani, ya ce in adana shi, akwai mai ji.

A bariki aka karɓe wayata da takalmina aka tura ni wani ɗaki. Na tarar da wani dattijo masunci daga wajen Tanda zaune a ƙasa, an kama shi a kan ruwa da wayoyi biyu. Shi ya gaya mini tsarin wurin, a hankali, kamar mai ba da labarin farashin kifi. Ajidan ne ke yin tambaya, wato wanda ya fi sarzan amma bai kai hafsa ba. In ya gamsu ya sake ka. In bai gamsu ba, bayan la'asar akwai motar da ke tafiya Doso, daga Doso sai Yamai, kuma daga can ba wanda zai ce maka ga ranar dawowa. Matata na da tsohon ciki a lokacin. Na zauna ina kallon hasken rana yana tafiya a jikin bango, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Bayan azahar aka kai ni gaban ajidan. Mutum ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya, wannan ya fi ba ni tsoro. Akwatina na kan teburinsa.

"Da wa kake magana ƙetare?"

"Ba kowa, mon ajidan. Konsol ce ke magana."

"Da wa?"

"Da kamfanin da ya yi wasan."

"Ina kamfanin yake?"

"Ƙasar Turawa, mon ajidan."

Ina rufe baki na san na ƙara wa kaina itace a wuta. Ya rubuta wani abu. Ya tambaye ni me konsol ɗin ke gaya musu, na ce tana shaida musu cewa mun biya. Ya ce, "Kun biya, kuma kullum sai kun sake faɗa musu kun biya?" Na ce haka ne. Ya dube ni yadda ake duban wanda bai iya ƙarya ba. Ni kaina da na ji maganar a bakina, a wannan ɗaki, ban yarda da ita ba.

Na roƙi a kira mai wurin. Aka kira Alhaji Saini a waya a gabana, aka buɗe murya. Na ji shi sarai yana cewa shi shinkafa yake sayarwa, sal ya bar wa yaro, bai san da wata gora ba. Da aka sake kira, wayar a kashe take. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ba zan ce muku na yafe ba.

Ana cikin haka hayaniya ta tashi a bakin ƙofa. Wani soja ya shigo ya ce ga wani mai kabu-kabu da tarin samari sun ƙi tafiya. Ajidan ya ce a shigo da mai bakin cikinsu. Sai ga Hamani, ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji. Ya gaida ajidan da fofo, gaisuwarsu ta Dendi, ya ce:

"Mon ajidan, wanga mutum ba ɗan leƙen asiri ba na. Wawa na. Ni na san shi."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya kwashe gardamarmu kaf ya zube a teburin: rago, ƙaho, wutsiya, igiya. Ya ce duk Gaya mai hankali kirake yake bugawa, wannan kaɗai ya nace sai halal, ga inda halal ta kawo shi. Ya ce ya sha gaya mini ranar da Bature ya ga dama zai rufe abinsa daga ɗakinsa, na ce hassada ce. Ina tsaye ba takalmi ana zagina a gaban hukuma, kuma ina roƙon Allah kada ya yi shiru.

Ajidan ya saurara har ƙarshe. Ya dubi agogo, ya ce shi ba ya aiki da surutu, a je ya gani da idonsa. Ya ce mini, "In abin da ka faɗa bai faru ba, daga can za ka shiga mota."

Aka maida mu sal. Unguwa ta taru daga nesa, ba mai matsowa. Na tada gurup. Tele ta kama, ga kwaɗo a kan wasa, na nuna masa. Ya sa soja ya maida pus a akwatin, ya ɗaure shi a gorar, ya ɗaga ta a tsakar gida yana riƙe da ita. Na danna.

Wani ɗan da'ira ya fito yana juyawa. Na san shi, kullum yakan yi haka, amma ban taɓa lura da daɗewarsa ba sai ranar. Yana juyawa, ladan ya fara kiran la'asar. Na ji direban motarsu ya tada inji a waje. Rezon ƙetare ba shi da alkawari, in iska ta juya sai ya ɓace, kuma ba ni da wanda zan roƙa, don wanda ke riƙe da makullin bai san akwai wani gari Gaya a duniya ba. Hamani na bayana yana ta salati ƙasa-ƙasa. Gumi ya cika mini ido, ban iya ɗaga hannu in share ba.

Sai kwaɗon ya ɓace. Kiɗan wasa ya tashi. Amma kafin fili ya fito, wani babban hoto ya rufe tele, ɗan ƙwallo da sabuwar riga, da rubutu a ƙasa.

"Wannan kuma mene ne?" in ji ajidan.

Na ce talla ce, suna so a sayi ƙarin 'yan wasa na bana.

"Ƙahon ke nan, mon ajidan," in ji Hamani.

Ba wanda ya yi dariya. Ajidan ya karɓi manet ya juya shi, ya ajiye. Ya zare pus ɗin ya karya shi biyu, ya ba sarzan akwatin, ya ce a sare gorar. Sannan ya juyo gare ni.

"Ka tafi gida. Amma in na sake ganin ko sandar rake a kan rufin nan, ba zan tambaye ka komai ba. Kuma abin da sai ka nemi izini a wata ƙasa kafin ka taɓa shi, ka daina cewa naka ne."

Ba su gama fita daga layinmu ba kwaɗon ya dawo kan tele. Na zauna a benci. Hamani ya cire silifas ɗinsa ya tura mini da ƙafa, ya ce, "Kala suru, Isufu, ka yi haƙuri. Amma dai na faɗa maka." Ban koma aikin Alhaji ba, na aika masa da makullinsa ta hannun mai shayi.

Har gobe ban ce kirake halal ce ba, ni da Hamani muna nan muna yi. Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan kada ka miƙa wa mutum kaya sai ka san wa ke riƙe da igiyarsa, shi ya sa nake sa ku zare intanet ku gani. Na kuma koyi cewa mai yaba maka a inuwa daban, mai shiga bariki dominka daban.

Washegari na je karɓar wayata da takalmina. Na tambayi sojan ƙofa labarin dattijon Tanda. Ya ce motar Doso ta tashi a kan lokacinta, kuma ba fanko ta tafi ba. Ni ina da tele da zan kunna a gani. Shi abin da yake da shi bakinsa ne kawai, kuma ba wanda ya biyo shi.