Ranar da Baba A-Hankali Ya Taka Totur

Tun yana saurayi ake ce masa A-Hankali, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba. Motar 'yan makaranta ya ja har ya ajiye aiki, ko kaza bai taɓa takewa ba. Masu keke sukan wuce shi su ɗaga masa hannu, shi kuwa sai ya ce, "Ku je, ma tarar da ku."

Abin da ya mallaka bayan aiki wata tsohuwar mota ce ruwan toka, wadda yake gogewa kowace safiya da tsohuwar singileti. Da ita yake kai uwargidansa kasuwa, da ita yake zuwa ganin jikoki. To, gidan 'yarsa a kan tudu yake, motar kuma ta ɗauki halin mutuwa a tsakiyar hawa. Ran da ta silalo da baya har ta kusa kwashe teburin mai lemo, 'ya'yansa suka yanke magana: in ta sake, a sayar wa masu tsofaffin ƙarafa, Baba ya zauna a gida a riƙa zuwa ɗaukarsa. Ranar Baba bai gama abincinsa ba.

Mijin 'yar tasa bakanike ne. Shi ya gano ƙwaƙwalwar motar ce ta gaji, wato ɗan akwatin da ke auna wa inji mai. Irinta ta ɓace a kasuwa, sai ya sa wata sabuwa, ya ɗaura mata abin shinshina hayaƙi a salansa, wato bututun fitar hayaƙin motar.

"Baba, wannan da kanta take koyo," in ji shi. "In ta ji mai ya yi yawa ta rage, in ya yi kaɗan ta ƙara, ta kuma riƙe. Ku dai ku yi ta yawo da ita."

Yawo kam Baba ya yi shi. Da ya koma gareji tare da uwargida, surukin ya jona kwamfuta, sai ga wani zane mai gida-gida. Gidajen lungu ɗaya sun yi kore shar, sauran fayau.

"Koren nan shi ne abin da ta koya, Baba. Sauran ba ta je ba tukuna."

"Ba ta je ba? Har bayan gari mun je."

Surukin ya sunkuyar da kai, yana ta goge hannun da ba datti.

Uwargida ta ce, "Malam, kunyarka yake ji. Cewa yake ka koya wa akwati halinka. Tafiyar hawainiya kaɗai ya gani, ita ya iya. Tudu kuwa sai da totur."

Surukin ya ce a ba shi makulli ya zaga da ita. Baba ya mai da makullin aljihu. "Motar da wani ya koya wa tudu ai ta tashi daga tawa."

Da safe, hanya ba kowa, suka tsaya a gindin tudu. Suruki na gaba da kwamfuta a cinya, uwargida na baya, ta ce wannan ba za a ba ta labari ba. Mai lemo na hango su ya ja teburinsa gefe.

Suka fara hawa. Motar ta soma tari.

"Baba, a ɗan ƙara."

"Na ƙara."

"A ɗan ƙara dai, Baba, don Allah."

"Malam!" in ji uwargida. "Ƙwai ne a ƙarƙashin ƙafarka? Taka!"

Baba ya yi bisimilla, ya danna totur har ƙasa, abin da ƙafarsa ba ta taɓa yi ba. Injin ya yi gurnani, ya sarƙe, ya sake kamawa, sai ga su a saman tudu. Suka gangaro suka sake, suka kuma sakewa. Kowane hawa tarin na raguwa, koren na yaɗuwa, har motar ta haye sumul, ɗankwalin uwargida ya zame tana salati tana dariya.

"Alhamdu lillahi, ta koya, Baba. Ya isa," in ji surukin.

Baba ya dubi gangaren, ya gyara zaman hularsa. "Ita ta koya. Ni da saura." Ya juya kan mota.

Maganar masu ƙarafa ba ta sake tasowa ba. Har yau masu keke na wuce shi a miƙaƙƙiyar hanya, yana ce musu su je. Amma in an zo gindin tudu, su suke ba shi hanya. Mai lemo ma ya mai da teburinsa inda yake.