Gansakukar da Na Kankare

Ni dai a aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, waɗanda na fi ƙwaƙwalwa kuwa yau su ne a ofis. To, a bar wannan.

Bayan gidanmu a Surko akwai falalen dutse inda muke shanya. Shekarar da babbar 'yata take ajin ƙarshe a jami'a, ta zo hutu da ɗan gwangwanin fenti, ta bi gansakukar da ke jikin dutsen tana zagayewa tana sa lamba. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Da kaka ta yi, barkonona ya nuna, na ɗauki fartanya na kankare dutsen tas, na baza kayana.

Ran da ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Baba, ina gansakukata?"

"Taki? Ke kika shuka ta?"

Ashe aikin kammala karatunta ke nan. Wai malaminsu ya ce can ƙarshen duniya inda ƙanƙara ta rufe ƙasa, duk wurin da ta janye gansakuka ce ke kama dutse, kuma ba ko'ina take yarda ta zauna ba. Shi ne aka ce ta auna tamu, ina take fitowa, ina take ƙi. Saura sati uku ta miƙa, in ba haka ba ta maimaita shekara.

Na ce, "Shekara huɗu a jami'a, abin da ke kayar da tsofaffi a bakin rijiya kike karantawa?"

Uwarta ta ce, "Malam, ka yi ɓarna, kuma bakinka bai mutu ba."

Washegari na ɗora ta a babur muka nufi duwatsun wajen Dingaya, inda na yi kiwo a da. Na ce kar ta ɓata lokaci a fuskar da rana ke duka, ta duba tsaga inda ruwa ke kwanciya, da ƙasan inda tsuntsaye ke kashi. Muka sami wata gansakuka ta bushe ta yi baƙi ƙirin, ta ce ai wannan ta mutu. Na zuba mata ruwan gora. Kafin mu gama cin gyaɗa ta yi kore shar.

"Baba, wa ya koya maka?"

"Santsi. Kin san sau nawa ta kayar da ni?"

Kwana tara muna zuwa. Ta miƙa a kan lokaci, ta ci. A shafin godiya ta yabi malaminta layi huɗu, ta jero ƙawayenta kaf. Ni kuwa sai can ƙasa: "da mahaifina, wanda ya riƙa kai ni a babur." Ɗan acaɓa ke nan.