Tirelar Yaya ta Ƙarshe

Yayana a kan tirela ya ƙare ƙuruciyarsa. Ciwon suga ne ya sauke shi, aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Tun daga nan ya zama mutumin ɗaki. In ka ce masa sannu ma, sai ya harare ka kamar kai ka riƙe wuƙar.

Mijin 'yarsa ne ya kawo masa tsohuwar kwamfutar tebur mai wasan tuƙin manyan motoci, da ɗan sitiyarin roba. Ni da na gani cewa na yi raini ne, a ba mai furfura kayan yara. Ashe magani aka kawo. Mutumin da sai an roƙe shi yake cin abinci ya koma kiran matarsa da sassafe: "Yi sauri da ruwan wankan nan, lodi na jirana."

A kusurwar allon akwai lambar da ke nuna zafin na'urar, kuma nan idonsa yake. Da ta haura saba'in, fanka ta fara kuka, sai ya faka motar a gefen titi, ya taɓa akwatin da bayan hannu, ya girgiza kai. Surukin ya ce masa, "Baba, in ana wasa haka take, ba komai." Yaya ya ce, "Kai ka taɓa kwana a daji da injin da ya buga?"

Sai ya yi mata abin da ya saba yi wa famfon mai in ya ɗau zafi a hanya. Ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a saman akwatin, daidai ramukan da iska ke fita. In ya bushe ya ƙara jiƙawa. Kuma wa ya isa ya koya wa Yaya inji a gidan nan?

Wata rana da hantsi allon ya ɗauke, ɗakin ya gauraye da ƙaurin waya. Ni na kinkimi kwamfutar zuwa wurin mai gyara. Ya kwance ta, ya nuna mini tsatsa.

"Wa ya shayar da ita ruwa? Saba'in, tamanin, lafiyarta ƙalau. Sai ta doshi casa'in ake damuwa, nan ma galibi ƙura ce. Wannan kam ta gama, Hajiya."

Na dawo raina a jagule. Yaya na zaune gaban teburin, ya yi wanka, har da hula.

"Zafin ne ko?"

Na ce, "Zafin ne, Yaya. Dama ta tsufa."

Ya daɗe yana kallona. Shi ya goya ni, ya san fuskata in ina ƙarya.

"Da na bar ta da tana nan," ya ce a hankali.

Na ce za mu nemo wata. Ya ce kada wanda ya wahalar da kansa, direban da ba ya gane lafiyar inji ba a ba shi mota. Sannan ya miƙo mini hannu in kai shi gado, ko azahar ba a kira ba.