Ranar da Na Juya wa Kawu Baya Saboda Azurfa

Shekarun baya, ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Haɗeja, kuma ina digiri na biyu a gefe. Aikin bincikena shi ne samar da ƙwayoyin azurfa ƙanana ƙwarai, waɗanda in aka jera dubbansu ba za su kai kaurin silin gashi ba. Ana tafasa ruwan gishirin azurfa, a juye masa tataccen ruwan bagaruwa, ana motsawa. In ƙwayoyin sun fito ƙanana, zagayayyu, girmansu ɗaya, ruwan zai zama rawaya garau kamar man gyaɗa. In sun fito manya da ƙanana a cakuɗe, sai ya yi kalar kogi lokacin ambaliya.

Ni kuwa na ƙware a ambaliya.

Malamin da ke duba aikina a jami'a ya gaji da kwalaben da nake kai masa. Ya ce, "Malam, ruwan fadama akwai shi a garinmu ma. Karo na gaba in haka ka kawo, ka sake batu, ka maimaita shekara."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sau ɗaya tak na taɓa samun rawayar nan, kuma na kasa maimaita ta. Na sake bagaruwa, na wanke kwalabe har suna ƙara. Sai wata rana ana yayyafi na tuna cewa ranar da na sami rawayar ma ruwa ake sheƙawa, babu wanda ya bi ta hanya.

Tagar ɗakin gwajinmu tana kallon hanyar fadama. Duk mai tafiya gonar shinkafa sai ya leƙo, kuma mahaifiyata ba ta raine ni in gaisa rabi da rabi ba. Da na fara juye ruwan bagaruwa sai in ji "Malam, barka da aiki," in tsaya da rabi a hannu, mu bi gida, mu bi iyali, mu bi gajiya da ruwan bana, sannan in ƙarasa. Alhali ka'idar ita ce a juye lokaci guda, domin ƙwayoyin su ƙyanƙyashe tare, su girma tare. Nawa kuwa, na farko sun ƙoshi sun yi ƙiba kafin na baya su iso duniya. Ladabi ne yake cinye mini digiri.

Na ɗauki alwashin ko wa ya zo ba zan juyo ba. Gishirin azurfar da ya rage na gwaji ɗaya ne. Ruwa ya tafasa, na ɗaga kofin ruwan bagaruwa, sai na ji sallama a bakin ƙofa, da ƙamshin bandar kifi. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, masunci daga Guri, mutumin da ko a waya nake rusuna masa.

Na amsa sallama a gajarce, na juye ruwa gaba ɗaya, na ci gaba da motsawa, ƙeyata na kallonsa.

"Kai, ba ka ji murya ba ne?"

Idona na kan kwalba. Ruwa ya fara sauyawa.

"To, madalla. Boko ya nuna."

Lokacin da rawaya ta bayyana, garau, har ina ganin yatsuna ta cikin kwalba, na juyo da murna zan zube ƙasa. Babu Kawu, babu kifi.

A gida na tarar an riga an yanke hukunci. Mahaifiyata ta ce, "Ɗan'uwan nawa ka mayar bango? Don kana dafa bagaruwa? Majema ma suna gaisuwa."

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito. An ɗauki hoton ƙwayoyin da na'ura mai ƙara girma, ga su nan zagayayyu reras, kamar an auna su. Malamina ya duba ya ce, "Ashe kana iyawa." A bakinsa wannan kirari ne.

Na ɗauki hoton na hau babur sai Guri. Na sami Kawu yana gyaran komarsa ta kamun kifi a ƙarƙashin tsamiya, na durƙusa na biya bashin gaisuwa har da ta tumaki, sannan na yi bayani. Ya riƙe hoton nesa da ido, ya juya shi.

"Wannan ai ƙwan tarwaɗa ne."

"Azurfa ce, Kawu."

"Ƙwai ne. Kuma uwa ɗaya ta saka su rana ɗaya, shi ya sa babu babba." Ya fashe da dariya. "Da ka ce nasa ƙwai ake yi, ai da ban yi magana ba. Wa yake surutu a kan ƙwai?"

Da na samo ƙarin gishirin azurfa zan maimaita gwajin don tabbatarwa, da kansa ya zo ya zauna a ƙarƙashin taga. Duk wanda ya buɗe baki zai ce "Malam, barka," sai Kawu ya ɗaga hannu: "Wuce, yana kan ƙwai. Kawo gaisuwar nan, ni zan amsa."

Har yau in ɗalibaina suka tambaye ni abin da ke daidaita girman ƙwayoyi, nakan lissafa musu zafi, da yawan sinadari, da saurin juyewa. Na ƙarshen ba na faɗa, don babu shi a manhaja: a sami kawu a taga.