Ranar da Baba Ya Taƙaita Gaisuwa

Mutanenmu ba sa taɓa cewa jiki ya yi tsanani. Ko mutum na shure-shure, ka tambaye shi, "da sauƙi" zai ce maka. Shi ya sa tun da na fara aikin jinya a Gwagwalada na rage sauraron amsa, na koma sauraron numfashin da ya ɗauko ta.

Akwai wani dattijo Bakatsine mai shagon atamfa a Garki da aka kwantar mana da ciwon huhu. Gaisuwa ce sana'arsa ta biyu. Sai ya tambayi gida, da yara, da gajiya, da mutanen garinmu na Filato kaf, kamar shi ya ba ni ajiyarsu. Ina tsaye da magani a hannu ina jiran ya kai aya. Yana cinye mini lokaci, amma ina son tsohon nan.

Wata safiya na ce, "Baba, ina kwana?"

"Lafiya," ya ce. Ya tsaya. "Lau."

Daga nan bai ƙara ba. Na matsa kusa da gadon.

Matarsa tana naɗe tabarma ta ce, "Sista, rabu da shi, fushi yake yi. Tun ɗazu yake ture bargo, ya ƙi kwanciya. Gida zan leƙa, kafin in dawo ya huce."

"Mama, ɗan dakata tukuna."

Ƙofofin hancinsa na buɗewa, kafaɗunsa na ɗagawa da kowane numfashi. Na ja leɓensa na ƙasa, cikin ya yi toka-toka. Na maƙala masa na'urar awo a yatsa, ta nuna oksijin ya yi ƙasa a jininsa. Na ɗaga kan gadon, na sa masa robar shaƙar iska, na sa aka kira likita da gaggawa.

Wajen azahar launinsa ya dawo, bakinsa ma haka. Ya ɗaga robar ya ce an ɗaure masa baki kamar ɗan maraƙi, a kawo shayi ko ya kai ƙara. Ɗakin ya kwashe da dariya, har da ni.

Matarsa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta kamo hannuna.

"Tun ina yarinya nake zaune da shi, amma na ce fushi ne," ta ce. "'Yata, nuna mini inda kika duba."